Tayoyin Motar Yaya

Asabar, 4 ga Maris

Yaya ya sa an kira ni. Tunda ɓarin jikinsa ya shanye bai nemi komai a wurin kowa ba, mai gashin ƙashi ma korarsa yake yi. Yau ga abin da ya nema: in ɗaura wa tsohuwar motarsa tayoyi masu faɗin nan da ya saya kafin ya kwanta. Ni! Malamin makaranta, wanda ko tayarsa ta yi faci sai ya kira mai faci.

Motar ta girmi aurena. Kujera biyu, ja, kuma shi da kansa ya rage mata sifirin har cikinta ya kusa lasar ƙasa. Ban taɓa sonta ba. Na buɗe baki zan ƙi, matar Yaya ta ja ni gefe ta ce in yi wa Allah, wannan ne abu na farko da ya sa shi ɗaga kai. To.

Talata, 7 ga Maris

Jak ba ya shiga ƙarƙashinta. Sai da na hau da ita kan katako tukuna. Yaya na kan kekensa na marasa lafiya a bakin gareji yana ba da umarni da rabin baki, in ban gane ba ya buga sanda a ƙasa. Har yanzu Auta yake ce mini, da furfurata.

Asabar, 11 ga Maris

Na baya sun zauna. Na gaba kuwa, da an karya sitiyari sai taya ta goge ƙarfen ciki. Yaya ya nuna mini wasu faya-fayan ƙarfe da ake sawa don a turo tayar waje. Na sa. Yanzu ta bar na ciki, ta koma cin bakin bodi ta waje. An gudu ba a tsira ba. Na cire na mayar har na daina ƙirga, na fasa ɗan yatsa da sifana, shi kuma abin da ya dame shi kada jini ya taɓa fenti.

Lahadi, 12 ga Maris

Bayana. Maiɗakina ta ce ashe mu biyu za a yi jinya.

Alhamis, 16 ga Maris

Na kawo bakanike, ba don Yaya ya so ba. Ya zagaya motar, ya ce hanya uku ce: a ɗaga ta kaɗan, ko a sa tayoyi marasa faɗi, ko a lanƙwasa leɓen bodin ciki. Yaya ya ƙi duka ukun. Ɗagawa, wai an mayar da ita motar kai yara makaranta. Ƙananan tayoyi, to me aka yi? Bodi kuwa, tun fitowarta daga kamfani guduma ba ta taɓa shi ba. Bakaniken ya dube ni da tausayi, ya kwashe kayansa.

Asabar, 18 ga Maris

Mun yi faɗa. Na yini a kwance a kan siminti, na fito ya ce na ɗaure noti a karkace. Bakina ya riga ni.

"Yaya, duk wannan wahalar a kan motar da ba za ka iya tuƙawa ba?"

Ya juya keken da hannunsa mai lafiya, ya kasa haye dokin ƙofa, na zo zan tura ya ture hannuna. Matarsa ce ta shigar da shi.

Gaskiya na faɗa ai. Gaskiyar banza.

Laraba, 22 ga Maris

Ban je ba. Ba a kira ba.

Asabar, 25 ga Maris

Na je da niyyar ba da haƙuri, na tarar da mai gyaran bodi a gareji. Yaya ne ya sa aka kira shi. Bai dube ni ba, ya dai miƙo mini tocila in haska.

Mutumin ya ɗumama fentin, ya dinga lanƙwasa leɓen a hankali. Gefe ɗaya lafiya. A na biyu muka ji ƙas, fenti ya tsage kamar tsawon yatsa. Na juya in ga fuskar Yaya, sai na gan shi a tsaye, ya kama ƙofar gareji yana leƙe. A tsaye. Bai ma sani ba. Ni da mai bodi muka yi kamar ba mu gani ba, shi yana ta faɗa a kan fenti.

Laraba, 29 ga Maris

Taya huɗu, babu mai gogar komai. Na karya sitiyari dama da hagu, shiru. Sai aka zo sa Yaya a ciki.

Ba ya shiga. Kujerar ta yi ƙasa da yawa, ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa. Ni, matarsa da maƙwabci muka yi ta fama har ya yi gumi, ya ce mu bari. Wata guda ina fama da abin da ke tsakanin taya da bodi, ban taɓa tunanin wannan ba. Na ce gobe in ɗaga motar, ya ce in na taɓa sifirin ɗin nan ba shi ba ni.

Kan mutumin nan dutse ne.

Lahadi, 2 ga Afrilu

Matar Yaya ta ce jiya shi ya tambayi yaushe mai gashi zai dawo. Wai yana so a koya masa zama a kan ƙaramar kujera.

Da la'asar ya miƙo mini makulli, ya ce in zagaya layi ɗaya, shi zai ji kukanta daga ƙofa.

"Kada ka tausaya mata a kwana, Auta."

Na zagaya layin. Sai kuma na bi babban titi, don in tabbatar da tayoyin kawai. A kwanar bayan asibiti ta kama ƙasa kamar an liƙa ta. Na koma na sake shan kwanar, shi ma don tabbatarwa.

Na dawo na tarar da shi inda na bar shi. Ya tambaya yaya, na ce ba laifi, sai tsauri, kowace tsakuwa a ƙashin bayanka. Ya yi ta kallona yana wannan murmushin nasa na gefe ɗaya.

Sai da na zo gida na ga makullin a aljihuna. Mantuwa ce. Asabar zan mayar masa.