Motar da ba ta kai mu hamada ba

Lahadi, 14 ga Oktoba, 2007

Yau na je McLeansville na kwashe kayanmu daga motar nan mai ɗaki, don an sami mai saye. Shekara uku marigayi maigidana ya yi yana gyara ta, wai zai kai ni hamadar Arizona in gani ko ta kai tamu ta Agadas kyau.

Baturen da ya saya ya ce, "Kun yi nisa da ita?"

Na ce, "Ba mu taɓa wuce Summerfield ba." Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

A durowar motar na tarar da kofunan shayi biyu sababbi, bai taɓa nuna mini su ba. Ga su nan gabana, na kasa zuba komai a ciki. Allah ya jiƙan ka, Alhaji.