Jar Tawada Ce Ta Toshe

Bukkuyum, Jihar Zamfara.

Zuwa ga ƙanena Kamaluddeen, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Inna lafiya lau, haka matarka Sahura. Ka lura, da hannuna na rubuta, domin na kammala ajin yaƙi da jahilci, kuma malam ya yaba mini a gaban jama'a.

Dikko direba ya dawo daga wurinka jiya da labarin da ya hana Inna cin abinci. Ya ce da ka buɗe hoton ɗiyarka Fauziyya da na aiko, sai ka ce fuskarta ta yi kore-kore, gubar dalmar da ta kashe ɗanka Halilu a Yargalma ce ta dawo muke ɓoye maka. Ya ce ka rantse za ka ajiye aiki ka kamo hanya ranar Asabar. Kamaluddeen, ina umartarka a matsayina na yayanka, kada ka taso. Ka san halin da hanyar Anka take ciki, ga layin waya a katse, ko an tare ku ba mai ji.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Laifina ne. Na'urar buga hoton da na saya ta yi wata biyu a ajiye cikin zafi, sai jar tawada ta bushe ta toshe bakinta. Da hoton ya fito, Sahura ta ce wannan ba launin ɗiyarta ba ne, kada a aika. Ni kuwa na riga na tara maƙwabta su ga gwanintata, sai na ce mata haka hoton zamani yake, ba ta sani ba ne. Na wanke bakin na'urar sau huɗu yau, har yanzu ja ya ƙi fitowa, shi ya sa ba ni da sabon hoton da zan haɗo maka.

Amma ka ɗauko wancan ka duba da kyau. Zanen da Inna ta ɗaura a bayan yarinyar, kai ka sayo shi da Sallah, ja wur. Wane launi ka gani? In ba ja ba ne, to zane ba ya shan dalma; ka ga laifin tawada ne, Fauziyya lafiyarta ƙalau. Ka zauna a bakin aikinka.

Inna, Sahura da gwaggo Iyatu suna gaishe ka. Ka gaida Dalhatu.

Naka yayanka,
Sahabi.