Atamfar da Ke Cikin Bango

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

"Madam, zo ki gani, wani ya yi wa gidan nan ɗinki." Bitrus ke nan yau da hantsi, mutumin Jos ɗin da na ɗauko ya cire tsohon murhun itacen falo, ya rushe bututun hayaƙin, a sa mana na'urar ɗumama gida irin ta kowa. Yana durƙushe a gindin bango, ya kwance wani ɗan ƙarfe mai huji-huji, yana zaro tsumma daga ramin da ke bayansa. Ta nan iska ke shigowa, in ji shi. In aka toshe, wutar sai ta koma cin iskar mutanen ɗakin. Bututun ma ya daɗe da tsagewa.

Atamfar ankon sunan 'yata Hanifa ce, shuɗiya mai ganye. Na gane yagarki, da haƙori kike farawa.

Wankan jegona ya kawo ki Woolwich, nan ƙasar Turawa, sai zama ya miƙe. A duk gidan murhun nan kaɗai kika yarda da shi, don kin ce ba ki amince da ɗumin da ba a ganin wutarsa ba. Gabansa kika jawo katifarki. A kansa kike dama kunun kanwa, daga cikinsa kike ɗibar garwashin turaren wuta. Sanyi kuwa ɓarawo kika ɗauke shi. Duk inda ya leƙo, ƙarƙashin ƙofa ko gefen taga, sai kin cusa masa tsumma. "Wane irin magini ne zai bar rami a bango da gangan? Turawa dai sai a hankali."

Dariya na yi ranar. Ke nan na san da ramin, Umma.

Sai kuma na'urar alarm ta falo, mai gargaɗi in iskar ɗaki ta gurɓace. Da kin zuba turare sai ta ɗauki kururuwa, har kika sa mata suna 'Yar Gulma. Maƙwabciya ta fara buga mana bango. Ni mai digiri biyu, ɗaya a kan haɗa magunguna, na taka kujera na cire mata batir, na ce zan mayar an jima. Ɗazu na duba, yana nan cikin durowar cokula.

Duk safiya kikan ce kanki kamar an ɗora masa turmi. Nakan miƙa miki ƙwaya biyu da ruwa, in ruga kar jirgin ƙasa ya wuce ni. Kin ce in kin fita kasuwa kan yakan sake ki, na ce ai dama Hajiya akwai son yawo. Ni da Hanifa a sama muke kwana, taga a ɗan buɗe, abin da kullum kike mana faɗa a kai.

Takardar asibiti ta ce zuciya ce ta yi ajalinki. Wataƙila ita ɗin ce. Shekara biyu ina jingine da wannan takarda, Yaya Sani kuma yana faɗa wa duk wanda ya zauna da shi a Kano cewa Bilki ce ta riƙe Umma, ba ta taɓa barin ta ta ji sanyi ba. Tun da na ga atamfar nake tunanin ko in bar shi da labarinsa. Ya fi nawa kyau.

Na tambayi Bitrus ko irin wannan yana kisa. Ya dube ni, ya dubi zanen.

"Wa ke kwana a nan?"

Na ce babu kowa. Ban yi ƙarya ba.

"To a gode wa Allah," ya ce, ya miƙa hannu zai jefa shi cikin buhun shara. Na karɓe. Duk da baƙin hayaƙin, ƙamshin turarenki bai gama fita ba.

Ummana, ke jikarki kike tsarewa daga sanyi, da abin da kika sani. Ni na san fiye da haka, ƙarar ce kawai ta dame ni. Ki yafe mini. Allah ya gafarta miki, ya yalwata makwancinki, ya shigo miki da iskar Aljanna ta kowace kusurwa.

Bitrus ya ɗauki guduma, ya ce in ba shi wuri saboda ƙura. Na sa atamfar da batirin a jaka. A waje zan kira Yaya, inda zai ji ni sosai. Ga shi na jawo ƙofa.

'Yarki,
Bilki