Takobin Yaya a Hannun Maƙeri

Litinin, 4 ga Mayu
Takobin Yaya ya tsage a hannuna. Na wasan nan na intanet, wanda ya shekara da shekaru yana bugawa. Da aka ɗaure masa hannu a asibiti ya damƙa mini jaruminsa, wai in riƙa leƙawa kada 'yan ƙungiyarsu su cire shi. Leƙawa ya ce. Ni da rawar kai na je na tari dodo.

Talata, 5 ga Mayu
Na kai wa maƙerin cikin wasan. Sa'ar gyara kashi sittin cikin ɗari. In ya ƙi, takobin ya zama toka, babu dawowa. Na dawo da shi ban miƙa ba. A shago har na ɗinke hannun riga a baibai.

Alhamis, 7 ga Mayu
Kwamanda, shugaban ƙungiyar, ya ce, "Ƙanena, ba a zuwa wa maƙeri da yunwa. Fara ciyar da shi tarkace, in ya lalata uku a jere sai ka miƙa takobin. Rashin sa'ar ta ƙare kenan." Wata da suke kira Hajiya ta ce camfi ne, sittin sittin ne ko na ƙona akwatin kayan Yaya duka. Na san ita ce mai gaskiya. Amma dai.

Juma'a, 8 ga Mayu
Yaya ya kira. "Jarumina lafiya?" Na ce garau.

Asabar, 9 ga Mayu
Na yi. Na kwaso tsummokaran da ke ƙasan akwatinsa. Wuƙa ta zama toka, takalmi ma. Garkuwa kuwa ta gyaru, tsinanniya, sai da na sake daga farko. Wata yagaggiyar hular fata ce ta cike ukun. Na miƙa takobin ido a rufe.
Ya gyaru. Kwamanda sai cika baki yake.

Lahadi, 10 ga Mayu
Na kai wa Yaya waya a asibiti, na ba shi labari ina dariya. Ko kallon takobin bai yi ba. Da hannun hagu ya buɗe akwatin, ya yi ƙasa, ya dawo sama, ya sake yin ƙasa.
"Ina hular?"
Ashe Dogo ne ya ba shi ranar da ya fara wasan. Dogo amininsa, da ya rasu bara. Sunansa na jikinta, shi ya sa Yaya bai taɓa yarda a kai ta gyara ba. Ni ban tsaya karantawa ba.
Ya ce ba komai. Da ma zagina ya yi.

Laraba, 13 ga Mayu
An sallame shi. Na ce ya karɓi jaruminsa, ya ce in riƙe kawai, shi hannu bai sake ba tukuna. Ɗazu na gan shi yana rubuta saƙo da hannun, sarai.
Kwamanda ya turo wai akwai yaƙi gobe, in zo da takobin. Ban amsa ba. Ɗinki ne ya yi mini yawa.