Keken Ɗinkin Mama Mai Aiki Shi Kaɗai

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyali. Yaya ciwon gwiwar nan? Allah ya sa kaffara ne, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Mu nan ƙalau muke, sai kewarka. Shagona na gyaran rediyo yana nan yana ɗingishi, maiɗakina kuma ta ce in tuna maka hoton yaran da ka yi mata alkawari.

Kawu, yau da alfahari na zo maka, sai ka yi haƙuri da ni. Jikarka Maitambaya, 'yata ta fari, wadda ka laƙaba wa wannan suna don ta hana ka sakat tun tana ƙarama, ta rubuta littafi har an buga. Irin labarin nan ne na bin diddigi, wanda ba a sanin gaskiya sai a shafin ƙarshe. Da na ga sunana a bayan nata a bangon littafin, wallahi sai da na juya baya na share ido. Amma ina fara karantawa gabana ya faɗi. Labarin ya da ƙanwa ne da ba sa ga maciji da juna, da keken ɗinkin uwarsu marigayiya mai aiki shi kaɗai. Na ce shi ke nan, yarinyar nan ta kwance mana zani a kasuwa.

Ka san farkon zancen. Bayan rasuwar Mama, Yaya ta riƙe shagon ɗinki da keken, ta ce wa ƙanwarmu Auta a gaban mutane hannunta bai iya komai ba sai ɓata yadin jama'a. Auta ta ɗauki gyalenta ta fita. Shekara da shekaru ko gaisuwa babu, ni da ke tsakiya na yi zarya har takalmina ya cinye. Abin da ba ka sani ba, don mun ɓoye maka, shi ne tun da idon Yaya ya fara rauni, takan bar aiki rabi ta kulle shago, da safe ta tarar an gama shi tsaf, an ninke. A cikin hammatar kowace riga kuma ga ƙullin jan zaren nan da Mama ke yi. Yaya ta tsaya kai da fata cewa Mama ce ke zuwa taya ta. Na ce ta ji tsoron Allah, mamaci ba ya dawowa, ta ce in je in ji da rediyoyina. Maƙwabta suka ce aljanu ne, wasu har suka daina bi ta ƙofar. Ni kaina, ba na ɓoye maka, in zan shiga sai na yi addu'a.

To ashe Maitambaya, da take zuwa share wa Yaya shago, ba shara kawai take yi ba. Ta lura da wani guntun katako da ke jingine bayan ƙofa: ƙura na hawa komai a kusurwar nan, ban da shi. Ta duba fedar keken ta ga sawun katakon a jiki. Kawu, kai ka san duk gidanmu mutum ɗaya ce ƙafarta ba ta kai feda sai ta ɗora katako. A littafin, mai binciken ta ce ita dai ba ta taɓa jin fatalwar da gajarta ta dame ta ba. Nan na yi dariya har na ƙware, sannan na gane. Auta ce, da tsohon makullin Mama, take shiga da sassafe kafin layin ya tashi, ta gama ta fice.

Tsorona ɗaya: in Yaya ta ji, za ta canza makullin ƙofar, ɗan zaren da ya rage tsakaninsu ya tsinke. Ga shi ta kafe sai na karanta mata littafin, tunda idonta ba ya ganin rubutu. Na yi ta kwana-kwana, ta ce ko in karanta ko ta kira wani. Na karanta. Da na kai ƙarshe ta ce yarinyar nan ta yi ƙoƙari, amma ta makara. Ta ce tun makon farko ta sani, don Mama ba ta taɓa cika wa keke mai har ya ɗiga a ƙasa ba, wannan halin Auta ne tun suna yara. Na ce to don me ta bar mu da zancen fatalwa? Ta ce in ta nuna ta gane, kunya za ta hana Auta dawowa, ita kuma bakinta ya yi mata nauyin ba da haƙuri. Ta gwammace a ce ta zautu da ta rasa sawun ƙanwarta a shagon.

Washegari ta sa na raka ta shagon tun gari bai gama wayewa ba, muka kulle ƙofa ta ciki. Ta lallaɓa ta ɗauko katakon, ta ɗora a kan feda da hannunta, ta koma benci ta zauna. Auta ma ta karanta littafin, don haka na ɗauka ba za ta zo ba. Sai ga makulli yana juyawa. Ta gan mu ta sandare a bakin ƙofa. Yaya ba ta ɗago ba, ta miƙa mata allura da jan zare, ta ce ta zura mata, ita ba ta gani, kuma hannun Auta ya fi nata, ya ma kusa kamo na Mama. Kawu, ni na fita waje, don ba na son su ga ƙato yana kuka.

Ga littafin nan na haɗo maka. Ka gaida Gwaggo da kyau, da Malamin Lissafi da amaryarsa, da 'yan biyu. Maitambaya ta ce ka karanta kafin ka tsokane ta. Yaya da Auta suna gaishe ka, kuma a baki ɗaya suka ba ni saƙon, daga benci ɗaya.

Ɗanka mai ƙaunarka,
Mai gyaran rediyo