Kwamfuta Ta Kashe Kanta, Ƙanena Ya Ajiye Mini Makulli

Anti mai filin shawara, don Allah ki taimaka mini, kaina ya ɗaure. Ba ni da wanda zan kai wa wannan magana bai yi mini dariya ba. Wadda na fara gaya wa, maƙwabciyata mai shagon gyaran gashi, sai da ta riƙe ciki, wai ita ba ta taɓa jin inda kwamfuta ta raba 'yan uwa ba. To ga shi dai tana dab da raba ni da ƙanena.

Ni tela ce. Na daɗe ina ɗinkin mata, tun ina da keke ɗaya a ƙuryar ɗakina har Allah ya hore mini shago a bakin titi. Ƙanena shi ne autanmu, kuma Auta kowa ke kiransa. Da ya gama karatu aiki bai samu ba, sai ya kawo shawarar mu haɗa ƙarfi mu sayi keken surfani mai aiki da kwamfuta. Shi ya san kwamfuta, ni na san yadi. Shi ke zana fure da rubutu, ni ke ɗaure yadi a zobe, in zaɓi zare, in sa ido a kan allura. Kekenmu tsohon yayi ne, ba ya riƙe zane a kansa. Waya ce ta haɗa shi da kwamfutar, ita ke gaya masa inda allura za ta sauka. Idan ta yi shiru, shi ma sai ya tsaya cak.

Aiki ya karɓe mu, ba zan ɓoye ba. A shagon nan Auta ya samu abin da ya yi aure. Amma kwamfutar tana da wani hali da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ba ta tashi sabunta kanta sai ranar da aiki ya sha mana kai. Ana tsaka da aiki sai wani saƙo ya faɗo a gefen fuskarta, wai tana son ta kashe kanta ta sake kunnawa. In danna anjima. Gobe ta sake. In sake danna anjima. Har na laƙaba mata suna Uwar Ɗaki, tunda ita ke tsara mana rana. Akwai safiyar da na kunna ta mai kaya na tsaye a kaina, sai ta nuna mini wasu 'yan ɗige-ɗige suna zagaye, wai kada in kashe ta. Na ba matar kujera, na ba ta ruwa, muka yi hirar 'ya'yanta har ta ƙare, muka koma ta 'ya'yan maƙwabtanta, ɗige-ɗigen nan ba su gaji da zagaye ba. Da kwamfutar ta gama kuma na tarar ta canza wa abubuwa mazauni, kamar baƙuwar da ta gyara miki kicin ba ki sa ta ba. Kaya nawa, a shagona, amma shi zai gaya mini lokacin da zan yi aiki.

Na yi ta yi wa Auta mita ya kashe wannan sabuntawar gaba ɗaya mu huta. Ya ƙi. Hujjarsa ita ce ta intanet masu kaya ke turo mana hotunan zane, in aka bar kwamfutar ba sabuntawa wata rana cuta ko ɓarayi za su shigo mana. Ya ce in bar masa abin, zai yi maganinsa.

Yanzu ga ainihin abin da ya faru. Wata malamar makaranta, dattijuwa mai kamala, ta kawo mini wani farin yadi da mahaifiyarta ta rasu ta bar mata. Shekara da shekaru yana cikin akwati. 'Yarta za ta yi aure, tana son a yi mata riga da shi, a zuba fure a ƙirji. Ta gaya mini da bakinta cewa yadin nan ba shi da na biyu, ba a ma kawo irinsa kasuwa yanzu. Na ce ta kwantar da hankalinta.

Mu kan rufe shago da azahar mu je sallah da cin abinci. Auta yakan riga ni fita saboda gidansa da ɗan nisa, kuma nakan riga shi dawowa. A 'yan watannin nan na samo wata dabara: idan zane mai tsawo ne, sai in ɗora wa keken kafin in rufe ƙofa, ya yi ta aikinsa shi kaɗai, in dawo in tarar ya gama. Ban taɓa gaya wa Auta ba, domin ban ga abin faɗa a ciki ba. Ashe da safiyar ranar, ina can sayen zare, saƙon nan ya sake fitowa, har ya ba da damar a zaɓa masa lokaci. Sai Auta ya zaɓa masa lokacin azahar, tunda a saninsa babu mai aiki a shago. Shi ma bai gaya mini ba.

Na ɗaure yadin malama, na tada keke, na rufe ƙofa na tafi. Da na dawo tun daga waje na ji shiru, na ɗauka ya gama ne. Ina shiga na ga allura a tsaye a tsakiyar fure, Uwar Ɗaki kuma ta kashe kanta ta kunna, tana yi mini barka da zuwa kamar ba ta yi komai ba. Raina ya ɓaci matuƙa. Na buɗe zanen na danna ya ci gaba. Ashe keken bai san inda ya tsaya ba, sai ya koma farko yana ɗora ɗinki a kan ɗinki. Kafin in kai hannu zare ya cushe, allura ta karye, yadin ya yage a daidai ƙirji, tsawon ɗan yatsa.

Ina tsaye a kansa Auta ya shigo, ga malama a bayansa ta zo ganin inda aka kwana. Anti, ban san lokacin da bakina ya ƙwace ba. Na gaya wa malama ƙanena ne ya ɓata mata yadi. Na ce ba abin da ya iya sai danne-danne, kuma ni na ɗauko shi daga zaman banza. Maƙwabta duk sun leƙo. Auta ya zaro makullinsa na shago ya ajiye a kan teburin yanka, ya fita. Malama ta shafa wurin da ya yage, ta ce za ta dawo, ta tafi ta bar yadin. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Tun ranar bai taka shagon ba. Ba ya ɗaukar wayata. Matarsa da a da muke raha da ita, yanzu gaisuwa ce a taƙaice. Mahaifiyarmu ta ce kada ɗayanmu ya sake kai mata maganar sai mun shirya. Jiya kuma na ji wani gidan ɗab'i ya yi masa tayin aiki, farkon wata zai fara. Keken yana nan na lulluɓe shi da zane, domin ni ko ganye ɗaya ban iya zanawa a kwamfuta ba. Ba keken ne ma ya fi damuna ba. Ni na goya yaron nan, kuma ina kewarsa.

Tambayoyina uku ne. Yaya zan kashe wannan sabuntawar har abada? Ba shi ya kamata ya zo ya ba ni haƙuri ba, tunda ni ce babba kuma shi ya zaɓi lokacin? Sannan me zan ce wa malama?

Yayar Auta

AMSA

'Yar uwa, sannu da wannan ɓacin rai. Ni ban yi dariya ba. Duk wanda na'ura ta taɓa yanke wa aiki a tsakiya ya san zafin abin, kuma kina da gaskiya cewa ba daidai ba ne kayan aiki ya riƙa kashe kansa lokacin da mai shi bai shirya ba. Bari in bi tambayoyinki, in fara da mai sauƙin.

Kada ki kashe sabuntawar. A nan ƙanenki ya fi ki gaskiya: kwamfutar da ke karɓar hotuna daga hannun mutane barkatai tana buƙatarta. Abin da ya jawo miki wahala shi ne danna anjima kullum, domin abin taruwa yake yi har ya kai inda ba ya sake neman izini. Ku ware yamma ɗaya a mako, bayan an sauke yadi na ƙarshe daga keke, ku sa ta ta sabunta kanta da hannunku, ku jira ta gama kafin ku rufe. A cikin saitinta akwai wurin da ake gaya mata sa'o'in aiki. A rubuta daga buɗe shago zuwa tashi, har da azahar. Idan aiki mai tsada ne a kan keke, a dakatar da sabuntawar na 'yan kwanaki, akwai wurin yin haka. Kuma daga yau, yadin da ba shi da na biyu ba a rufe masa ƙofa a tafi. Ko babu kwamfuta, wuta na iya ɗaukewa, zare na iya tsinkewa.

Yanzu tambaya ta biyu. Na karanta wasiƙarki sau biyu don kada in zalunce ki. Auta yana da laifinsa: ya zaɓi lokaci bai faɗa miki ba, kuma ajiye makulli da ƙin ɗaukar wayar yayarsa ba tarbiyya ba ce. Amma lokacin da ya zaɓa, bisa abin da ya sani, shi ne mafi dacewa a yinin. Ke ce kika mayar da azahar lokacin aiki ba ki gaya wa abokin sana'arki ba. Sannan ki sake duba abin da kika rubuto da kanki. Lokacin da kika shiga shagon, yadin malama lafiyarsa ƙalau, rabin fure ne kawai a jikinsa. Da kin jira Auta, mai yiwuwa da ya mayar da allurar daidai inda ta tsaya. Kwamfuta ta tsayar da aikin, amma hannun da ya danna har yadin ya yage naki ne, kuma cikin fushi kika danna. Na yi imani kin san haka tun a lokacin, shi ya sa bakinki ya yi saurin nemo wani.

Ina ganin ba yadin ne ya kori ƙanenki ba. Magidanci ne mai iyali, kika gaya wa jama'a cewa daga zaman banza kika ɗauko shi, alhali ƙarfi kuka haɗa. Girmanki yana nan, ba wanda zai ƙwace miki, amma bai ɗauke miki ba da haƙuri ba a inda kika yi kuskure.

Game da malama, kada ki jira ta dawo. Ki ɗauki yadin ki je har gida. Ki gaya mata yadda abin ya faru daki-daki, kuma ki janye abin da kika ɗora wa ƙanenki. Yagewar tsawon ɗan yatsa a hannun tela irinki tana da magani: ana iya sa mata goyon baya ta ciki a faɗaɗa furen ya rufe wurin, ko a sauya yankan wuyan. Ki nuna mata hanyoyin, ki bar ta ta zaɓa, kada ki karɓi ladan aikin. In ta ce a ba ta kayanta, ki ba ta ba tare da gardama ba.

Daga can ki wuce gidan Auta da ƙafarki. Kada ki aika, kada ki sa mahaifiyarku ta kira shi. Ki gaya masa kin je kin wanke shi a wurin malama, kuma za ki faɗi haka a gaban maƙwabtan da suka ji na farko. Kada ki haɗa ban haƙurin da maganar keken da ke lulluɓe, domin zai ɗauka zane kika zo nema. Yana iya dawowa shagon, yana iya zaɓar gidan ɗab'in, kuma in ya zaɓa ki sa masa albarka. Mai zane a kwamfuta za ki iya ɗaukar wani a wata mai zuwa. Ƙane kuwa shi ke nan gare ki, don haka ki je kafin farkon watan.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya ba malama haƙuri, ya sa amarya ta sa rigarta cikin farin ciki.