A Kan Rahotonku da Ya Ce Mahaifiyata Ba Ta San Ni Ba

Zuwa ga Manajan Reshe,
na bankin da na buɗe asusu a cikinsa tun ina aiki a Kalgo.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ba zan ambaci sunan bankin ba, don har yanzu gyara nake nema, ba faɗa ba. Kai da mutanenka za ku gane kanku tun kafin ku kai tsakiyar takardar nan. Na rubuto a fili ne saboda na riga na rubuto a ɓoye, na kira a waya, na aiko manya, kuma kowane karo ana amsa mini da ladabi mai yawa, irin ladabin da ba ya motsa komai daga inda yake.

Sunana Balkisu Haliru, 'yar Gwandu. Na karanci aikin gwaje-gwajen asibiti a jami'a, na yi aiki a Kalgo, daga nan na samu gurbi a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a ƙasar Larabawa, inda nake yanzu. Na tsaya gabatar da kaina ne saboda a rubuce yake a wajenku cewa ba a tabbatar da akwai ni ba.

Na farko, abin da na nema.

Katin bashi na nema a wani banki na ƙasar da nake aiki. Ba sha'awar bashi ce ta kai ni ba. Asibitinmu ya ce zai rufe masaukin ma'aikata mata, kowa ta nemi haya, kuma a can mai gida ba ya tambayar 'yar wane ce ke, kati yake tambaya. Na zaɓi irin wanda malamansu suka ce babu ruwa a cikinsa. Sai suka ce baƙon da ba shi da tarihi a bankunansu dole ya kawo shaida daga bankinsa na gida, cewa nasu ne, kuma adireshin da ya bayar gaskiya ne. Na ba da gidanmu na Gwandu, gidan da aka binne cibiyata. A cikin duk abin da suka nema, wannan ne na ɗauka mafi sauƙi.

Na biyu, zuwan ma'aikacinku.

Kun aiki Malam Nasiru a kan babur ya tabbatar da gidan. Lokacin yankan shinkafa ne, duk wani namiji yana fadama. Mahaifina ya rasu, ƙanensa Baffa Sani ke riƙe da gidan, shi ma yana can. Malam Nasiru ya yi sallama a zaure, Inna ta amsa daga bayan ƙofa, aka kawo masa fura. Ya kunna na'urar da kuka ba shi, wadda ke ɗaukar murya, ya ce, "Hajiya, Balkisu Haliru ɗiyarki ce? Nan ne gidansu?"

Ranka ya daɗe, ni ce 'yar fari. Ban san garinku ba, don haka bari in faɗi abin da kowace mace a unguwarmu ta sani. A gidaje irin namu uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta kuma nuna ta san shi a gaban mutane. Da aka yaye ni, Goggo Hauwa, yayar mahaifina, ta ɗauke ni zuwa Masama, can na girma. In ta kama dole Inna ta yi maganata, "ta Masama" take cewa. Ranar da na gama jami'a mata suka shigo yi mata barka, ta ce su je su yi wa masu ita. Ranar tafiyata ta aiko da yaji da kilishi ta hannun Goggo, ita kuma ta tsaya bayan rumbu har mota ta tashi. Na hango gefen mayafinta. Ban taɓa neman shaidar da ta fi wannan ba.

To wannan matar ce baƙon namiji ya tambaya, da sunana a bakinsa. Ta ba shi amsar da uwarta za ta bayar: "Ni ban san ta ba, ɗana. Ka tambayi masu ita, suna fadama."

Malam Nasiru ba daga wata uwa duniya aka kawo shi ba. Ɗan Wurogauri ne, nan ƙasarmu. Ya yi dariya, ya ce, "Na gane, Inna, Allah shi ƙara girma." Ya shanye furarsa, ya hau babur, ya aika rahoto cewa mazauna gidan ba su san mai wannan suna ba. Da Baffa ya same shi daga baya, bai yi musu ba. Ya ce, "Wallahi Baffa na san kunya ce. Amma na'urar ta riga ta ɗauki muryar, kuma gurbi biyu ne, ko ta sani ko ba ta sani ba. In na danna ta sani, muryar ta ƙaryata ni, aikina ne zai tafi." Ba na zarginsa sosai. Fadamar dai ba ta da nisa, amma na fahimci yana da wasu gidajen da zai tabbatar kafin azahar.

Na uku, abin da maganar ta zama bayan ta haye teku.

A Gwandu amsar Inna tarbiyya ce. A teburin bankin can sunanta ya koma bayar da bayanan ƙarya. Sun hana ni katin, wannan kuma da sauƙi, ana rayuwa babu kati. Abin da ban sani ba shi ne, a ƙasar nan banki da wurin aiki da ofishin izinin zama igiya ɗaya ta ɗaure su, in ka taɓa gefe guda sai ɗaya gefen ya motsa.

Babu wanda ya yi mini tsawa. Ba haka suke yi ba. Matar ofishin ma'aikata, wadda a da take kirana 'yar'uwa tana ba ni dabino, yanzu da cikakken sunana take kirana, kuma ba ta cewa in zauna. Fasfona, da na kai don sabunta izinin zama, bai dawo ba, na waɗanda muka kai tare sun dawo. An cire sunana daga jerin masu sa hannu a sakamakon gwaji, aka ce na ɗan lokaci ne. Ni nake yin gwajin, wata ce take sa hannu, wadda ni na koya mata riƙon allura. An kira ni an tambaye ni, cikin fara'a, ko akwai wani abu a takardun karatuna da nake so in gyara tun da wuri. Ka lura, ranka ya daɗe, daga adireshi an koma takardun karatu. Wanda uwarsa ta ce ba ta san shi ba, me zai hana digirinsa ma ya zama na aro?

Na yi ƙoƙarin yi musu bayani. Na zauna gaban mutum mai ilimi ina gaya masa cewa a wajenmu uwa tana musun ɗiyarta ne saboda girman abin da ke tsakaninsu. Ya saurare ni har ƙarshe, ya rubuta wani abu, ya yi mini godiya. Da na fito na gane na ƙara wa kaina ne.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya da muka zauna ɗaki ɗaya, 'yar wata ƙasa. An taɓa sa mata irin wannan alamar a kan wata takarda. Ita ma ba a yi mata tsawa ba. Wata safiya dai muka dawo daga aiki muka tarar an naɗe katifarta. Izinin zamana zai ƙare kafin watan azumi. In ya ƙare da wannan kalmar a jikin sunana, ba aikin kaɗai zai tafi ba, kalmar za ta bi ni duk asibitin da na nema bayan nan.

Na huɗu, maganin da kuka kawo.

Baffa ya zo reshenku da mai unguwarmu, dattijon da ya halarci sunana. Aka ba su kujera, aka ba su ruwan sanyi, aka ce tsarin ba ya karɓar shaidar kowa sai ta wadda aka fara ɗaukar muryarta. Wadda ta musa ita za ta zo ta janye, a gaban kyamara, ta faɗi sunan da bakinta.

Na ce kada a gaya wa Inna. Amma gida gida ne, ta ji. Goggo, wadda yanzu take gidanmu na Gwandu, ta ce da safe Inna ta fito da mayafinta na zuwa gaisuwar mutuwa, ta ce wa Baffa, "In don aikin nan nata ne, mu tafi."

Ta shiga motar haya daga Gwandu, da canjin mota a hanya, ita da ba ta son warin fetur. Ƙarshen wata ne, reshenku cike da masu jiran albashi. Ba a kai ta wani ɗaki ba. A nan gefen layi aka tsayar da ita, wata ma'aikaciya da ba ta kai ƙanwata ba ta ɗaga na'ura saitin fuskarta, ta karanta mata abin da za ta maimaita. Baffa ya ce shi juyawa ya yi ya kalli bango. Inna ta faɗa, kanta a ƙasa. Ma'aikaciyar ta ce, "Mama, ki ɗaga murya, ba ya shiga. Ki kalli nan." Ta ɗaga kai, ta ɗaga murya, ta faɗa, duk layin yana ji.

Sai 'yar alamar jira ta yi ta juyawa a fuskar na'urar. Ma'aikaciyar ta girgiza ta, ta ɗaga ta sama, ta kai ta bakin taga. Daga ƙarshe ta ce, "Ayya Mama, netwok ya ɗauke, bai hau ba. Ki dawo ranar Litinin."

Ranka ya daɗe, ni ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. Ma'aikatanka sun ji, masu gadinka sun ji, masu jiran albashi sun ji. Akwai wata 'yar Gwandu a layin, don haka labarin ya riga Inna isa gida. Tun ranar ba ta fita suna, ba ta fita biki. In na kira waya sai ta miƙa wa Goggo. Goggo ta ce abu ɗaya ta faɗa a kan tafiyar, cewa ji ta yi kamar an kware mata zane a tsakiyar kasuwa. Duk da haka ta wanke mayafin ta goge, ta ce za ta koma Litinin.

Na gaya wa Baffa kada a sake kai ta. Na gaya masa in ta fito ya ce babu mota. Na san abin da wannan yake nufi a gare ni, na kuma auna shi, aikina ke nan aunawa.

Don haka ga roƙona.

Ka karɓi shaidar Baffa da mai unguwa, ko ta ma'aikatanka da suka ji da kunnuwansu. Reshe guda ya ji magana, bai kamata a ce ba a yi ta ba don na'ura ba ta ji ba.

Ka aika wa bankin can takarda da sa hannunka, a faɗa a fili cewa rahoton farko kuskure ne daga wajenku, ba ƙarya ba ce daga wajena. Ta isa kafin izinin zamana ya ƙare. Bayan nan ko da ruwan zinari aka rubuta ta, ba ta da amfani. Katin kuwa na yafe.

In wata rana muryar Inna ta fito daga cikin na'urar nan, a goge ta. Kada a kunna wa kowa, kada a aiko mini. Ba ta faɗa don in ji ba.

Sannan ka gaya wa na sama da kai su duba tambayar da suke aikawa gidajen mutane. Daga Kalgo zuwa Gwandu akwai 'ya'yan fari da yawa da suka fita neman abinci, kuma kowannensu yana da uwa a bayan ƙofar zaure. Na'urarku tana nan tana yawo a kan babur, ban kuma ji an ƙara mata gurbi na uku ba.

Ina yi maka addu'a Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya sa ka gama aiki lafiya, ya ba ka ikon gyara abin da ke hannunka tun yana gyaruwa. In mahaifiyarka tana raye, Allah ya ja kwananta, ya kuma tsare ta daga tsayuwa a layi don ta tabbatar wa wani cewa ita ta haife ka.

In azumi ya kama ban ji daga gare ka ba, ba sai ka sake aiken kowa Gwandu ba. Za a sako ni a jirgi, kuma daga filin jirgi reshenka zan fara zuwa, da akwatina, in zauna a kujerar da ke kallon ofishinka har ka samu lokacin tabbatar da ni da idonka. A lokacin ba ni da wani aikin da zai sa in yi gaggawa.

Wassalam.

Taka mai asusu a reshenka,
Balkisu Haliru